Dala Biyu da Ba Sa Buƙatar Ɗan Canji: Abin da Na Gani a Burunai da Singafo

Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka da kuɗi a aljihu ya san cewa kafin ya sha ko ruwan leda ne sai ya nemi ɗan canji. Mu da muka taso tsakanin naira da sefa ba sai an faɗa mana ba. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiya ce 'yar kaɗan, amma farashin da aka ba ka da hantsi ba lallai ka same shi da la'asar ba. Da wannan sabon na sauka a Bandar Seri Begawan, babban birnin ƙasar Burunai, bayan tafiyar kimanin awa biyu a jirgi daga Singafo, da ragowar dalar Singafo a jakata. Na roƙi mai masaukina, wanda ɗan ƙasar ne, ya biya da ni wurin masu canji kafin mu shiga gari. Ya yi murmushi ya ce, "Haji, bar abinka a aljihu, a nan ma kuɗi ne."

Na ɗauka karamci ne irin na mai masauki, wato shi zai riƙa biya, sai da muka je kasuwar dare ta Gadong. Rumfa ce babba, masu abinci layi-layi, hayaƙin gasasshen kifi da kaza ya turnuƙe ko'ina, iyalai na yawo kowa da 'yar ledarsa. Abincin da ya fi suna a wurin talaka shi ne nasi katok: farar shinkafa, yankan soyayyiyar kaza, da miyar barkono mai ɗan zaƙi-zaƙi, a naɗe cikin takarda. Shekara da shekaru an san shi a kan dala ɗaya. Na sayi ƙunshi biyu, na miƙa wa mai abincin jar takardar dala goma ta Singafo mai hoton Yusof Ishak, shugaban ƙasarsu na farko, na zuba wa hannunta ido. Ba ta juya takardar ba, ba ta ɗaga ta ta haska ba, ba ta kuma tambayi maƙwabciyarta nawa ake canji yau ba. Ta jefa ta cikin robar cinikinta, ta ƙirgo mini koriyar dala biyar da shuɗayen dala ɗai-ɗai guda uku, dukansu da hoton Sultan Hassanal Bolkiah. Ta ce in sake dawowa, ta juya ga na bayana.

Na tsaya ƙarƙashin fitila ina duba canjin. Takardun na roba ne masu santsi, waɗanda gumi da ruwan sama ba sa lalatawa, kuma Burunai ta fara buga irinsu tun 1996. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne rubutun Jawi da ke jikinsu, wato harshen Malay da baƙaƙen Larabci. Duk wanda ya yi karatun allo zai iya haɗa baƙin ya fitar da sunan ƙasar, Negara Brunei Darussalam. Na tuna yadda aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 da irin cece-kucen da ya biyo baya. A can kuwa rubutun yana kan kuɗi, yana kan allunan tituna da na shaguna, ba wanda yake ganinsa abin kunya.

To, yaya aka yi ƙasashe biyu masu cin gashin kansu, da teku a tsakaninsu, kowacce da tutarta da babban bankinta, kuɗinsu suke tafiya ɗaya-da-ɗaya? Ba su ma yi kama da juna ba. Singafo tsibiri ne da bai wuce murabba'in kilomita ɗari bakwai da 'yan kai ba, mutanensa kusan miliyan shida, galibi 'yan asalin Sin, ba su da ɗigon man fetur a ƙasa, da tashar jiragen ruwa da bankuna da masana'antu suke ci. Burunai kuwa masarautar Musulunci ce a gaɓar tsibirin Barniyo, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, arzikinta mai ne da iskar gas tun da aka haƙo rijiyar Seria a 1929. Ran Juma'a daga sha biyu zuwa biyu na rana ana rufe shaguna har a sauko daga masallaci. Amsar tambayar tana cikin tarihi, kuma tarihin ya cancanci a zauna a kansa.

Kafin zuwan Turawa, mutanen Burunai suna ciniki da tsabar dalma da suke kira pitis, manyan hada-hada kuma har da ƙananan igwa na tagulla ake biya. Dalar azurfa ta Sifaniya da ta Meziko su ne kuɗin fatake a duk yankin. Da Ingila ta kafu, sai ta fito da dalar da ake kira ta Straits, wadda a 1906 aka ɗaure ta da fam ɗin Ingila a kan sule biyu da kwabo huɗu. Dala 60 fam 7 ke nan. A shekarar ce kuma Razdan na Ingila ya fara zama a Burunai, kuɗin ya zama na ƙasar. An sauya wa dalar suna a 1939, aka sake sauyawa a 1953 ta zama dalar Malaya da Barniyo ta Ingila, amma darajarta a kan fam ba ta motsa ba. Hukuma ɗaya ce take buga ta ga Malaya da Singafo da Sarawak da Barniyo ta Arewa da Burunai, kuma ƙa'idarta ba ta da wuyar fahimta: ba za a fitar da takardar dala ba sai an ajiye daidai darajarta a asusu da kuɗin Ingila.

Sau ɗaya aka karya wannan ƙa'ida, kuma mutanen yankin ba su manta ba. Lokacin da Japan ta mamaye yankin a yaƙin duniya na biyu, ta kawo nata takardun, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna kuɗin ayaba saboda hoton bishiyar ayaba da ke kan takardar dala goma. Aka riƙa buga su ba lissafi, ba wata ajiya a bayansu. Kafin yaƙin ya ƙare, sai mutum ya cika jaka da su ya je sayen ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da Japan ta miƙa wuya a 1945, takardun suka zama shara, wanda ya tara su ya wayi gari ba shi da komai. Mutanen da suka kafa Singafo ta yau samari ne a wancan lokaci, da idonsu suka gani. Ina ganin duk wanda bai san labarin kuɗin ayaba ba, ba zai gane dalilin da ya sa suke tsoron injin buga kuɗi har yau ba.

Rabuwar ta zo ne ta hanyar siyasa. An kafa tarayyar Malesiya a watan Satumban 1963 har da Singafo a ciki, amma Sultan Omar Ali Saifuddien na uku ya ƙi shigar da Burunai, kuma maganar wanda zai riƙe kuɗin mai tana cikin manyan dalilan. Ba a yi shekara biyu ba Singafo ma ta fita, ranar 9 ga Agustan 1965. An yi ta zama don a ci gaba da kuɗi ɗaya, amma aka cije a kan tambaya guda: a hannun wa ajiyar Singafo za ta zauna, kuma wace doka za ta kare ta? Da aka kasa daidaitawa, a watan Agustan 1966 aka sanar cewa kowa zai buga nasa. Ranar 12 ga Yunin 1967 sababbin kuɗi uku suka fito, na Malesiya da na Singafo da na Burunai. Sai dai an yi hikimar da ta hana rabuwar zama masifa ga 'yan kasuwa: aka ƙulla yarjejeniya cewa kowace ƙasa za ta karɓi kuɗin sauran biyun ɗaya-da-ɗaya, ba ragi, ba la'ada.

Jarrabawar farko ba ta jima ba. A watan Nuwamban 1967 Ingila ta karya darajar fam da kashi 14.3 cikin ɗari, daga dalar Amurka 2.80 zuwa 2.40. Sababbin kuɗin uku ba su bi ta ba, amma tsohuwar dalar da take ɗaure da fam, wadda har lokacin tana hannun jama'a, ta faɗi zuwa santi 85 na sabuwa. Ka duba wannan al'amari: takarda biyu a aljihu ɗaya, jiya darajarsu ɗaya, yau ɗaya ta ragu. Waɗanda abin ya fi shafa su ne talakawa da mutanen karkara masu ajiye kuɗi a gida. A Penang ta Malesiya fushin ya kai ga yajin kasuwa, ya rikiɗe ya zama tarzoma har aka rasa rayuka. Darasin da gwamnatocin suka ɗauka shi ne cewa darajar kuɗi ba lamba ce a kan allo ba, guminsu ne mutane suke ajiyewa a cikinta.

A watan Mayun 1973 Malesiya ta janye daga yarjejeniyar, don tana son ta riƙa juya kuɗinta yadda tsarin raya ƙasarta yake buƙata. Nan Burunai ta tsaya a mararraba. Malesiya ce ta kewaye ta ta ƙasa, har ma yankin Limbang na Sarawak ya raba ta gida biyu. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, abincinsu kusan ɗaya. Duk mai kallo daga nesa zai ce da Malesiya za ta tafi. Sai ta zaɓi Singafo. Akwai tsamin dangantaka da Malesiya a wancan zamani, akwai kuma amincin da ke tsakanin gidan sarautar Burunai da Lee Kuan Yew, firaministan Singafo na lokacin, amincin da har yau sojojin Singafo suke samun horo a dajin Temburong albarkacinsa. Amma ni a ganina akwai lissafi mai sanyi a ciki: sun duba wanda ya fi tsananta wa kansa wajen riƙon kuɗi, suka jingina da shi.

Tun daga ranar kowa ya kama hanyarsa, kuma alƙaluman canji sun ba da labarin. A 1973 ringit na Malesiya da dalar Singafo kai ɗaya suke. A hankali tazara ta fara buɗewa. Da guguwar tattalin arzikin Asiya ta 1997 ta taso, ringit ya faɗo daga kimanin 2.50 a kan dalar Amurka har ya haura 4.50, sai a watan Satumban 1998 gwamnati ta ɗaure shi a kan 3.80, aka zauna a haka har 2005. A lokacin dalar Singafo ɗaya ta riga ta wuce ringit biyu. A 2015 ta haura ringit uku, a farkon 2024 ta kai wajen uku da rabi. A kan dalar Amurka ma hawa ta yi: a 1967 sai ka ba da 3.06 kafin ka sami dalar Amurka ɗaya, a 'yan shekarun nan kuwa tana yawo ne a wajen 1.30 zuwa 1.35. Duk wannan hawan, dalar Burunai tana tare da ita, ba ta taɓa rage ko santi ɗaya ba. Ban faɗi wannan don in rena Malesiya ba, ƙasa ce da ta gina masana'antu masu yawa, kuma sauƙin kuɗinta ya taimaka wa kayan da take fitarwa. Amma ga wanda ya yi ajiya don aikin hajji ko karatun 'ya'ya, bambancin a bayyane yake.

Yadda abin yake aiki ba shi da sarƙaƙiya, kuma wannan ne ya ƙara burge ni. Ba wani babban banki na haɗin gwiwa, ba majalisar da za ta yi ta taro. Hukumar Kuɗi ta Singafo, MAS, da Babban Bankin Burunai kowanne yana buga nasa. Bankunan kowace ƙasa suna karɓar kuɗin ɗayar daga hannun jama'a ba caji, su miƙa wa hukumar kuɗinsu, ita kuma idan sun taru ta mayar wa mai su, a biya ta daidai. Abin da ya riƙe igiyar shi ne kowace takarda tana da ajiyar kadarorin waje a bayanta, don haka babu fargabar wata rana a kawo wa wani takardunsa ya kasa fansa. Ita Singafo tun 1981 ba da kuɗin ruwa take sarrafa tattalin arzikinta ba, da darajar dalarta take yi. Tana auna ta da kwandon kuɗaɗen ƙasashen da take ciniki da su, ta bar ta tana motsi cikin wani ƙayyadadden tsakani, kuma galibi tana barin ta ta ɗan ƙara ƙarfi don kayan da ake shigowa da su kada su yi tsada. Burunai, wadda yawancin abincinta da kayan masarufinta daga waje suke zuwa, tana cin wannan moriya ba tare da ta ɗauki nauyin aikin ba. Shi ya sa hauhawar farashi a can ƙasa-ƙasa take, shi ya sa kuma ƙunshin shinkafa ya daɗe a kan dala ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka abin kyauta ne. Burunai ta sallama wani iko da ƙasashe da yawa suke ganin shi ne alamar 'yanci. Ranar da farashin mai ya faɗi, kamar yadda ya yi daga 2014, ba ta da damar karya darajar kuɗinta ko ta buga ƙari ta toshe giɓin kasafi. Sai dai ta taɓa ajiya ko ta rage kashewa. Ƙarfin dalar kuma yana sa duk abin da aka ƙera a ƙasar ya yi tsada a kasuwar waje, ga shi kuwa suna ta neman hanyar rage dogaro da mai. Na ga wani gefen wannan da idona a kan iyakar Sungai Tujoh ranar hutun mako. Motoci masu lambar Burunai sun yi dogon layi suna jiran shiga Miri ta Sarawak. A cikin garin, wuraren ajiye motoci na manyan kantuna cike suke da su, ana loda kayan wanka da na yara da atamfofi a but. A teburin mai canji na ga wata dattijuwa ta miƙa takarda ɗaya ta dala ɗari, aka ƙirgo mata ringit ɗari uku da wani abu, ta naɗe su ta tura cikin jaka tana lissafi da yatsu. Ita ta ci riba, amma mai shago a Bandar Seri Begawan ya rasa cinikin ranar. Haka mutanen Singafo suke yi wa Johor Bahru ta kan gadar da ta haɗa su da Malesiya.

Akwai kuma ɗan bambanci wajen karɓar. A doka, kuɗin ɗaya ƙasar ba dole ne ga ɗan kasuwa ba, al'ada ce da hukuma take ƙarfafawa, bankuna ne aka ɗora wa nauyin canzawa. A Burunai ban ga inda aka yi jinkirin karɓar dalar Singafo ba, daga mai kwalekwalen da ya tsallaka da ni unguwar kan ruwa ta Kampong Ayer har mai sayar da kayan marmari a kasuwar Kianggeh. A Singafo kuwa, da na koma, manyan shaguna sun karɓi ta Burunai ba magana, amma wani matashi mai sayar da shayi kusa da Masallacin Sultan ya juya shuɗiyar takardar yana kallo, don bai saba ganinta ba. Su dala ɗaya tasu tsaba ce. Wani dattijo da ke zaune a gefe ya ce da shi, "Yaro, karɓi, kuɗin Burunai ne, banki zai amsa." Ya karɓa, ya ba ni shayina. Hukumar MAS takan tunatar da 'yan kasuwa wannan lokaci-lokaci.

Sukan kuma yi bikin abin, don sun san darajarsa. A 2007, da yarjejeniyar ta cika shekara 40, ƙasashen biyu sun fitar da takardun dala 20 na tunawa. A watan Yulin 2017 Sultan Hassanal Bolkiah da Firaministan Singafo na lokacin, Lee Hsien Loong, suka ƙaddamar da na dala 50 don cikar shekara 50. Tsakanin 1967 da yau Burunai ta sami cikakken 'yanci a 1984, Singafo ta sauya firaminista sau uku, an yi rikicin mai, an yi guguwar 1997 da ta 2008, an yi annobar korona. Ba wanda ya tashi wata rana ya ce a sake lale.

A nan ne tunanina ya dawo gida, kuma ba da gangan ba, don mu ma daga irin wannan tushe muka fito. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ita ce take buga sule da fam ɗaya ga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, bisa ƙa'ida iri ɗaya da ta Malaya. Mai fataucin goro yakan tashi daga Kano ya sauka Kumasi da sulallan da ke lalitarsa, ba ruwansa da canji. Da zamanin 'yanci ya zo, Gana ta fito da nata a 1958, Nijeriya a 1959, Saliyo da Gambiya suka biyo baya. Buga kuɗin kai ba laifi ba ne, su ma can sun buga. Abin da ba mu yi ba shi ne mu bar ƙofa a buɗe tsakaninmu, mu kuma riƙe ƙa'idar ajiya. Naira da aka haifa a watan Janairun 1973, watanni kaɗan kafin Burunai ta yi zaɓinta, ta fi dalar Amurka daraja a lokacin, a 2024 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,500. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da sefa mai kwanciyar hankali, amma igiyarta a Turai take ɗaure, kuma ba su manta da safiyar watan Janairun 1994 da aka raba darajarta biyu ba. Abin da ya bambanta Burunai shi ne maƙwabciya ta zaɓa da kanta, ƙarama irinta, kuma ko yau ta ga dama tana iya janyewa kamar yadda Malesiya ta yi. Ba ta janye ba saboda ɗaya ɓangaren bai taɓa ba ta dalili ba.

Ƙungiyar ECOWAS ta daɗe tana alƙawarin kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco, an ɗaga ranar sau da yawa, yanzu an tsayar da 2027. A ranar 12 ga Yunin 2027 ɗin ce kuma yarjejeniyar Burunai da Singafo za ta cika shekara 60. Ina kira ga gwamnonin manyan bankunanmu da ministocin kuɗi, kafin su sake zama a kan Eco, su tura ma'aikatansu Bandar Seri Begawan da Singafo su zauna da waɗanda suke gudanar da wannan tsari, su ga yadda ake ajiye abin da zai tsaya wa kowace takarda, da yadda ake fansarta idan ta dawo. Ko da ƙasashe biyu ne kacal suka shirya riƙe wannan ƙa'ida, a bar su su fara, sauran su same su a hanya.